Gaisuwar Kankiya

Ummusalma ta gama shara, ta ɗora ruwan shayi, sannan ta zauna a bakin ƙofar ɗakinta da waya a hannu, kamar yadda ta saba kowace safiya kafin ta wuce firamaren da take koyarwa. Gidan ɗan ƙarami ne a bayan kasuwar Kankiya, ita kaɗai a ciki sai 'yan kajinta. Mijinta Jafaru yana can Ibadan yana duba lafiyar shanu a wata gona, zuwansa gida sai da Sallah ko in hutu ya kama. Tun da aka yi auren ta fi sanin muryarsa a waya fiye da takunsa a tsakar gida.

Ta buɗe guruf ɗin danginsa, wanda suka sa wa suna Gidan Baffa Bube, ta gyara murya ta danna.

"Assalamu alaikum. Inna, ina kwana? An tashi lafiya? Ya ruwa? Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana."

Ta tura, ta ajiye wayar a cinya tana jira, ko da yake ta san abin da zai biyo baya.

Inna Turai ita ce mahaifiyar Jafaru, Bafulatana ce tana zaune a Kaikai ta ƙasar Kusada. Ba ta karatu, amma autanta Murtala ya saya mata waya ya nuna mata inda ake dannawa a saurara da inda ake dannawa a yi magana. To, kada wani ya ce tsohuwar ba ta iya ba ne. Ta iya har ta yi yawa. Kullum sai an ji ta a guruf tana tsokanar Fatimatuzzahra matar Murtala, wai furarta kamar kunun marar lafiya, ko tana tambayar wace ce ta ari ludayinta ba ta maido ba. Kowa tana da abin ce masa. Amma da gaisuwar Ummusalma ta shigo sai tsohuwar ta yi tsit, kamar an ɗauke wuta.

Da farko Ummusalma ba ta damu ba. Ta san Jafaru ɗan fari ne, ta kuma san mutanen da suna kunyar ɗan fari har ta shafi matarsa. 'Yan zuwan da ta yi Kaikai ma, tana shiga ɗaki Inna za ta fice, sai dai a aiko mata da fura cike da ƙwarya. Amma sani daban, zama da abin kullum daban. Ita a gidansu Mama tana ƙwala wa 'yarta ta fari kira da sunanta tun daga kicin har maƙwabta su ji. Kuma wanda ke zaune shi kaɗai, abin da bai kai ya kawo ba ma sai ya zauna masa a rai, balle shirun da ake yi masa kowace safiya a gaban dangi.

Haka ake ta tafiya har Allah ya ba ta ciki, bai daɗe ba kuma ya zube a farkon damina. Yayarta Hawwa'u ce ta kai ta asibiti ta dawo da ita. Jafaru ya nemi izini a wurin aiki aka hana shi, sai dai ya yi ta kiranta a waya. Murtala ya sanar a guruf cewa iyalin Hamma, wato yayansa Jafaru, ba lafiya, a sa su a addu'a. Nan da nan saƙonni suka cika, baffanni da goggonni kowa da sannunsa. Ummusalma tana kwance tana bin su ɗaya bayan ɗaya, ba don komai ba sai don neman suna guda.

Ranar dai Inna ba ta ce uffan ba. Washegari da hantsi sai ga saƙon muryarta. Ummusalma ta yi sauri ta danna.

"Zahra, ya tarin yaron nan? Ki jiƙa mashi abin da na aiko, kada ki yi mani ƙiwar nan taki."

Shi ke nan. Ummusalma ta juya fuskarta bango ta yi kukan da ko a asibiti ba ta yi irinsa ba.

Duk da haka da ta ɗan samu ƙarfi ta ci gaba da gaisuwar safe, da 'yar muryarta da ta shaƙe. Sai dai yanzu ta koyi wani abu marar amfani, wato leƙa jerin waɗanda suka saurari saƙo. Kullum sunan Inna yana sama-sama. Ta ji ke nan.

Wata Asabar Hawwa'u ta zo ta same ta zaune da wayar ta zuba mata ido. Hawwa'u atamfa take sayarwa ta waya, saboda haka a ganinta babu abin da ya shige mata duhu a harkar cat, wato hirar waya, har zuciyar mutum tana iya karantawa daga yadda ya tura sitika.

"Miƙo nan in gani," in ji ta. Ta yi ta ja sama tana taɓe baki. "Kin gani ko? Duk boyis ɗinki ta buɗe. Ummu, ni sana'ata ke nan. Wanda ya buɗe saƙo bai amsa ba, ai ya riga ya amsa."

"Yaya, ɗan fari ne fa. Ƙila kunya ce."

"Kunya a waya? Wa ke ganin fuskarta? Kuma ke ce ta haifa? Mu ce kunyar ce, har ranar da kika rasa ciki? Tarin jikan wata ya fi jininki da ya zuba? Matar nan ba ta ƙaunarki, so take ya auro 'yar rugarsu. Ke kuma kin zauna kina ina kwana, ina kwana, kamar rediyo."

Maganar ta shige ta, domin abin da take faɗa wa kanta ke nan a ɓoye. Bayan fitar Hawwa'u ta rubuta wa Jafaru.

"Yaya, me na yi wa Inna?"

Yana bakin aiki, sai can ya amso. "Ba ki yi mata komai ba. Haka take, ki yi haƙuri."

"To ka tambaye ta."

"Ba zan iya ba, Ummu."

Gaskiyarsa ya faɗa. Tun tasowarsa bai taɓa zama sun yi doguwar magana da mahaifiyarsa ba, a ɗakin kakarsa ya girma, in sun haɗu a hanya ma kowa kauda kai yake. Da a gabanta ya faɗa, da ta ga yadda ya sunkuyar da kai ta tausaya masa. Amma rubutu ba ya sunkuyar da kai. Abin da ya iso mata kawai shi ne namiji ya zaɓi uwarsa ya bar ta.

"Na gane," ta rubuta. Ta koma Gidan Baffa Bube ta danna fita. Da la'asar ta kulle gidan, ta bar wa maƙwabciya kajin, ta koma gidan iyayenta.

A wurin yaran zamani fita daga guruf ba wani abu ba ne. A wurin dangin Jafaru kuwa daidai yake da mace ta tashi ana tsakiyar taro ta kaɗe zanenta ta fice. Baffanninsa suka dame shi da kira, wani ma har ya ce in 'yar birnin ta gaji ne a sallame ta cikin mutunci. Shi kuma ya yi ta kiranta ba ta ɗauka, ya tura saƙon murya ta ƙi buɗewa, wai ita ma a ɗanɗana. Amma ba ta ji daɗin ramuwar ba ko kaɗan. A gidansu ga mutane ga hayaniya, ita kuwa kaɗaicin ya fi na can. Da ta idar da sallar asuba sai hannunta ya kai kan waya, bakinta ya ɗauko "Inna, ina kwana", sannan ta tuna babu inda za ta tura. Tana son mijinta, wannan ko Hawwa'u ba ta musa ba. Tsoronta shi ne ta ƙare rayuwarta a gidan da ba a amsa mata gaisuwa.

Mahaifinta Malam Sharafaddeen ma'aikacin ƙaramar hukuma ne, mutum ne marar gaggawa. Ya zuba musu ido har aka kwana biyu, sannan wata safiya ya kira ta zaure, Hawwa'u ta biyo baya ba a gayyace ta ba.

"Ummusalma, me matar nan ta ce maki?"

"Ba ta ce komai ba, Baba. Abin ke nan."

"Mijin naki fa, ya zage ki ko ya rage ki da wani abu?"

Ta girgiza kai, hawaye na zuba.

"Baba, ga shaida nan a waya," in ji Hawwa'u. "Na yi sikirinshot ɗin komai."

"Ajiye shi, na gode." Ya juya ga Ummusalma. "Ni ba zan tilasta maki zama inda ba a son ki ba. In rabuwa ce, ni da kaina zan kira iyayensa. Amma ba zan kashe aure a kan abin da aka gani a gilashin waya ba. Gobe ki shirya ki tafi Kaikai ki gaida ta, baki da baki. Ki dube ta ta dube ki. Abin da kika gano ki zo ki faɗa mani, shi zan yi aiki da shi."

Ba don ranta ya so ba ta shiga motar Kusada da sassafe, daga can ta hau babur. An yi ruwa, gero ya kai ƙugu, hanya duk taɓo. Ba ta gaya wa kowa tana tafe ba. A zuciyarta sallama za ta je yi, har ta tsara kalmomin da za ta faɗa cikin ladabi.

Ta tarar da gidan shiru, maza sun tafi gona, an kora shanu kiwo. Ta yi sallama a ƙofa ba a amsa ba. Ta shiga tsakar gida tana waige-waige, sai ta ji magana daga bayan ɗakin Inna, wajen da ake ɗaure 'yan maruƙa. Ta nufi can, sai ta ja ta tsaya cak. Muryarta ce, ita Ummusalma.

"Assalamu alaikum. Inna, ina kwana?"

Muryar ta tsaya, kamar an danne ta da yatsa. Sai wata ta amsa a hankali.

"Wa alaikumus salam. Lahiya lau, ɗiyata."

"An tashi lafiya? Ya ruwa?"

"Ruwa ya yi gyara. Ke ya naki jikin?"

Ummusalma ta leƙa ta jikin danga. Inna Turai ce zaune a kan turmi da ta kifa, ta ba ta baya, ƙwaryar nono a gabanta, waya a tafin hannunta ta kusanto da ita fuska. Tana dannawa muryar ta yi gaba, ta sake dannawa ta tsayar, ta ba da amsa. Saƙon tsoho ne, na kwanakin da Ummusalma ta tashi daga jinya, ana jin shaƙewar a ciki.

"Muryag ga taki ba ta yi mani daɗi ba," in ji tsohuwar tana duban wayar. "Kina cin abinci kuwa? Ki ci, ki ji? Ki bar kuka. Ni ma biyu na zubar kahin Allah ya bar mani wancan. Naki na nan tahe."

Ta sake dannawa. "Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana."

"Amin, ɗiyata. Allah shi yi maki albarka, shi ba ki mai tsayawa."

Ummusalma ta ƙara matsowa. Ta dafa dangar, karan ya yi ƙara, Inna ta waigo. Da suka haɗa ido tsohuwar ta yi wuf ta tura wayar ƙarƙashin zane, ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, ta juya ta kama burga nonon da ta riga ta gama burgawa.

Ummusalma ta zagayo ta durƙusa a bayanta. Duk kalmomin da ta tsaro a mota suka gudu.

"Inna, ina kwana?"

Inna ta ci gaba da burgawa. Sannan, ba tare da ta juyo ba, ta ce, "Lahiya lau. Kun zo lahiya?"

"Inna, dama kina amsawa?"

"Wa za a gaida shi ƙi amsawa? Ni ba dutse ba ce."

"To me ya sa ba ki taɓa dannawa na ji ba?"

Maburgin ya tsaya. "In danna? Murtala ya ce in na danna kowa na ji. Ƙannen Malam mai gidan nan na ciki, goggonni na ciki, surukai na ciki. In tsaya tsakar taro in ce ma matar wancan ɗiyata? Da wane ido zan dube su?"

"Amma Zahra kullum—"

"Zahra matar auta ce. Ita ko zaginta na yi cikin mutane ba komi. Ke ko ba ɗaya kuke ba." Ta goge ido da bakin mayafi. "Randa abin ga ya hwaru, wuni na yi da wayag ga a hannu. In danna, bakina shi ƙiya. Da gari ya waye na ce bari in yi ma Zahra wata magana, ko kin ji muryata ki san ina nan, na ji."

Ummusalma ta kifa kanta a gwiwa. Saƙon da ya fi kowanne ƙona mata rai, ashe nata ne.

"Ni yanzu ma wayar ta lalace," Inna ta ci gaba, ta zaro ta ta miƙo ta baya. "Ta bar kawo gaisuwar Kankiya. Ta kowa na shigowa ban da ita. Na tambayi Murtala ya yi ta 'yan kame-kame. Ran kasuwa na kai ta Kusada, mai gyara ya ce lahiyarta lau. Shi ya sa nike ta maimaita na da. Ku da kuka yi boko, duba mani."

Babu wanda ya iya gaya mata cewa surukarta ce ta fita daga guruf. Kunya ta rufe Ummusalma har ta rasa inda za ta sa kanta. Ta karɓi wayar da hannu biyu, tana jujjuya ta kamar mai neman inda ta fashe.

"Na ga abin da ya same ta, Inna. Zan gyara. Gobe da safe za ta kawo."

"To, madalla." Tsohuwar ta tura mata ƙwaryar da gefen hannu, har yanzu ba ta dube ta ba. "Sha. Kin rame."

A bakin hanya, tana jiran babur, ta kira Jafaru. Bugu ɗaya ya ɗauka.

"Ummu?"

"Yaya, ina Kaikai. Ka yafe mini." Ta ba shi labarin abin da ta gani tana yi tana share hawaye. 

"Kina nufin Inna ta ambace ni?" ya tambaya da wata irin murya.

"Ta ce Allah ya bar mata wancan."

Sai ta ji ƙaton namiji yana jan hanci a Ibadan. Shi ma ashe bai taɓa ji ba.

"Ni ma da laifina," ya ce da ya natsu. "Da na kira ki na yi maki bayani da baki, ba in yi ta tura maki guntun rubutu ba. Zan sa Murtala ya maida ki guruf yanzu."

Da ta koma ta zayyana wa mahaifinta komai, ya ce alhamdu lillahi, ya sa aka raka ta ɗakinta a ranar. Hawwa'u ta ce ita dai ba ta taɓa ganin irin wannan a cat ba, aka ce mata dama ba a cat aka gani ba.

Washegari Gidan Baffa Bube suka tashi da gaisuwar Kankiya, sai dai ta canza. "Inna, ina kwana?" Sai shiru. "An tashi lafiya?" Sai wani shirun. Fatimatuzzahra ta rubuto tana tambaya ko wayar Anti ce ke yankewa. Ummusalma ta ce a'a, lafiyarta lau. Wuri kawai take bari, don kada tsohuwa ta wahala da danne-danne kafin ta amsa. Gidan bayan kasuwa yana nan yadda yake, ita da kajinta, amma ta daina jin ita kaɗai ce a cikinsa da safe.

Damina ta zagayo Allah ya sauke ta lafiya, ta samu 'ya mace, Jafaru ya zo suna ya sa wa jaririyar Turai. Guruf ya cika da barka har waya na zafi. Inna ba ta ce komai ba, sai da hantsi aka ji ta tana yi wa Zahra faɗan wani tulu da ta fasa. Ummusalma ta saurara har ƙarshe tana murmushi, ta sake saurara.

Hawwa'u tana gefe tana jijjiga jaririyar. "Wai ke, tun ɗazu sai yarinyar nan, yarinyar nan kike cewa. Ba ta da suna ne?"

Ummusalma ta buɗe baki ta rufe. 'Yar fari, ga sunan suruka. Duk yadda ta yi sunan ya ƙi fita, ɗakin kuwa ya kwashe da dariya.

'Yan'uwa, waya tana kawo magana, amma ba ta kawo fuskar mai maganar, ba ta nuna a gaban wa yake yinta, ba ta faɗin irin tarbiyyar da ta ɗaure masa harshe. Kafin ku yanke wa mutum hukunci a kan abin da ya rubuta ko ya ƙi rubutawa, ku yi haƙuri ku taka ku je inda yake. Da Ummusalma ta tsaya a kan abin da ta gani a guruf, da ta rabu da mijin da ke son ta, ta kuma bar wata tsohuwa a Kaikai tana yawo da lafiyayyar waya tana neman mai gyara.